Naman Layya a Cikin Wadi

A shekarata ta biyu a Alƙahira abin ya faru. 'Yata ba ta kai shekara ba a lokacin, tana rarrafe, duk abin da hannunta ya kai sai baki. Ita kaɗai gare ni. Ni kuma Allah ya yi ni da fargaba, ko atishawa ta yi sai in yini ina taɓa mata goshi. Muna zaune a unguwar Hayyin Ashir, can saman wani bene, ɗaki ɗaya da falo. Maigidana yana karatun fiƙihu, Malam nake ce masa, ni kuwa ina gida da yarinya, sai cefane ya kama nake saukowa.

Abokan karatun Malam ne suka sa masa son hawan dutse. Akwai 'yan Maleshiya da 'yan Indunusiya, da wani Bature da yake zuwa koyon Larabci wurinsa. Kullum a waya suna gardamar wane wuri ya fi daɗin tafiya a ƙasar Masar. Wannan ya ce dutsen Sina'i, wancan ya ce hamadar Fayyum inda ƙasusuwan manyan kifaye suke kwance a rairayi, wani ya ce wani kwazazzabo mai duwatsu ja da rawaya kusa da teku. Su turo hotuna, kowa da jaka a baya da gorar ruwa da hular rana, suna washe baki a kan tsauni. Malam ya riƙa nuna mini yana cewa in dubi yadda baƙi 'yan'uwanmu suke more ƙasar nan, mu kuwa daga makaranta sai masallaci sai ɗaki. Na ce masa a garinmu in ka ga mutum a kan dutse, to itace ya je yi ko akuyarsa ce ta ɓace. Ya ce ai shi ya sa har yanzu muke inda muke.

Wurin da ya fi kusa da mu, wanda kuma Baturen ya fi yabo, wani wadi ne a bayan unguwar Ma'adi. Kwari ne busasshe mai tsawo tsakanin duwatsu, an killace shi, ana yankar tikiti a ƙofa a shiga. Malam ya ce in Allah ya kai mu Babbar Sallah can za mu yi yawon Sallarmu.

Layyar shekarar su bakwai suka haɗu suka sayi sa, aka kawo shi ƙasan benenmu. Ina baranda da goyona ina kallo. Mahaucin ya zo da dogon takalmin roba da wuƙaƙe a ɗamara. Ana cikin ɗaure ƙafafun san za a kayar, sai ya fizge. Ya ture wani ɗalibi ya take masa ƙafa, ya nufi layin motoci igiya tana jan ƙasa, mutane suna watsewa. Mahaucin ya bi shi a guje ya sare masa agara. San ya durƙushe yana kuka, suka taru suka danne shi a tsakiyar titi aka sa wuƙa. Jinin ya bi gefen titi ya taru a bakin shagon mai burodi, yaran Misirawa suka riƙa tsoma tafin hannu a ciki suna mannawa a bangon bene. Na kai hannu baya na dafa 'yata, na shige ciki na rufe ƙofar barandar, amma ƙarnin ya riga ya shigo.

Kasonmu ya zo da yawa, ni da maƙwabciyata muka soya shi. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta a ƙasa suka taso za su hajji suka zauna a hanya, ita kuma yaƙi ne ya koro ta Masar da mijinta. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata, ita ta ce mini ƙanwa. Larabci a bakinta kamar ruwa, ita take yi mini tafinta a kasuwa da asibiti. Mijinta gyaran waya yake yi, shi da Malam ba sa rabuwa. Muka soya naman nan har ya yi ja, muka barbaɗa yaji, muka cika kula babba. Waye zai tafi yawon Sallah hannu rabbana?

Ranar tafiyar ba mu fita da wuri ba. Sai da aka yi wanka aka yi guga. Malam ya sa shaddarsa ta Sallah da hula, ni na sa leshi da hijabi har ƙasa da silifas mai duwatsu, Yaya ta naɗa tob ɗinta, wato lafayarsu ta Sudan. Muka hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, muka sauka muka hau wani, muka ƙarasa da tasi. Kafin mu isa ƙofar wadin rana ta kusa tsaka. Masu jaka a baya duk fitowa suke yi, jajur da su, sun gama tun da sanyin safiya. Suka riƙa kallonmu, mu huɗu da jaririya cikin kayan Sallah, Yaya da kula a ka, mijinta da tabarma a hammata. Yaya ta ce mini ƙasa-ƙasa, waɗannan sun ɗauka kai amarya za mu.

Mai yankar tikiti ya dubi kular ya yi wa maza magana mai ɗan tsawo. Malam yana ta amsa masa da tamam, tamam, wato to, to. Da muka wuce na tambayi Yaya abin da ya ce. Ta ce cewa ya yi kada mu bar shara, kuma akwai karnuka a ciki, ba sa taɓa kowa in ba a ba su fuska ba. Nan take gabana ya faɗi. Na ce wa Malam mu zauna nan kusa da ƙofa mu ci namanmu mu koma. Ya ce wane titi ne a Alƙahira ba kare, ko a ƙarƙashin motocin layinmu ba su suke kwana ba? Ya ce yalla, mu tafi, kada in ɓata masa rana.

Wurin ba itace ko ɗaya. Farin dutse dama da hagu, ƙasa tsakuwa da rairayi, zafin yana tasowa ta ƙasan silifas. Na lura jikin duwatsun akwai ɓawon katantanwa da na wasu ƙananan halittun ruwa a manne, sun zama dutse su ma. Na nuna wa Malam, ya ce Baturen ya gaya masa da can teku ne wurin. Shirun ne ya fi damuna. Na saba da hon ɗin motoci da ihun masu talla, a nan kuwa ba abin da nake ji sai ƙarar tsakuwa da numfashin 'yata a ƙeyata. Muka yi tafiya har ƙofar ta ɓace, har muka daina haɗuwa da kowa, sannan muka samu inda dutse ya yi rumfa ya ba da inuwa, muka shimfiɗa tabarma.

Aka buɗe kula. Gaskiya naman ya yi daɗi a wurin, har na ɗan saki jiki. Mijin Yaya yana tsokanar Malam wai ya zo hawan dutse da shadda mai sitaci, ko ɗaurin auren aljanu aka gayyace shi. Muna ci muna jefar da ƙashi ta bayanmu, yadda ake yi a tsakar gida, kaji da kyanwa su kwashe. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ni na fara ganin ta. Karya ce ja-ja, ramammiya, haƙarƙarinta a waje, nonuwanta suna reto. Ta tsaya nesa, ba haushi, kallo kawai. Mijin Yaya ya ɗauki wani ƙaton ƙashi ya wurga shi can, ya ce a garinsu haka ake sallamar kare, ka ba shi nasa ya tafi. Ta ɗauka ta tafi kuwa. Ba a jima ba ta dawo, wasu na biye da ita. Ya sake wurgawa. Da suka ƙaru sai maza suka koma jifa da dutse, karnukan suka ja baya suka hau gefen tsauni suka zazzauna a jere suna lasar baki. Malam ya kakkaɓe hannu ya ce kin gani, matsorata ne.

Daga nan ya ce shi fa bai zo har nan don cin nama a inuwa ba, sai ya hau sama an ɗauke shi hoto ya tura wa abokansa. Na roƙe shi kada su bar mu. Ya ce ga su nan sama muna ganin juna, ko tari na yi za su ji. Suka bi wata siririyar hanya ta ɗaya gefen, ba gefen karnukan ba, suna hawa suna dafa dutse, har suka koma 'yan ƙanana.

'Yata ta fara rigima saboda zafi. Na zaɓo tsoka mai jijiya, wadda ba za ta gutsure ta shaƙe ta ba, na tsotse yajin na damƙa mata, kamar yadda na ga uwata tana yi wa ƙannena. Ta kama tsotsa ta yi shiru. Na goya ta na ɗaure da majanyi tamau, na yaye hijabin na tattare shi a wuya don ta sha iska. Hannunta mai naman yana waje, maiƙo yana bin damtsenta har jikin rigata.

Karnukan suka sauko. Ba da gudu ba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa suna sake matsowa. Wani baƙi babba mai yagaggen kunne ne a gaba. Yaya ta miƙe ta daka musu tsawa da Larabci da Hausa, ta sunkuya kamar za ta ɗauki dutse, ko gezau ba su yi ba. Na ƙwala wa Malam kira, na ga ya ɗago hannu daga can sama, ashe ya ɗauka gaisuwa nake yi masa.

"Ƙanwa, kada ki gudu," in ji Yaya. "Ko me za su yi, tsaya ki kalle su."

Ta ɗauki kular ta watsa musu sauran naman gaba ɗaya, wai su ci su bar mu. Suka afka wa juna a kansa, ƙura ta tashi. Baƙin ya cafki wani a wuya ya girgiza shi ya yar, wani ya fito da leɓe a yage jini na zuba. Karyar nan ja ta sa baki za ta ɗauki tsoka, baƙin ya cije ta a kafaɗa ya wurgar da ita gefe. Ta tashi tana ɗingishi, ba ta samu komai ba. Ta ɗaga hanci sama. Sai ta kewayo ta bayana.

Na juya na fuskance ta, ta sake kewayawa. Na sake juyawa, sai na ga na ba sauran baya. Ina ta juyi a wuri ɗaya, hannuna biyu a baya na tallafe 'yata, ita kuwa tana dariya, ta ɗauka wasa nake mata. Ban san lokacin da ƙafata ta ɗauke ni ba. Tun tasowata abin da na sani ke nan, in gobara ta tashi ko faɗa ya kaure, uwa ta goya ɗanta ta ruga, baya shi ne maɓoya. Bai zo mini ba cewa wanda ya biyo ni ta baya da ita zai fara cin karo.

Ban yi nisa ba silifas ɗaya ya tsinke. Na ji nauyi ya faɗo mini a baya, da farce a ƙuguna, da wani huci mai wari a gefen kunnena. 'Yata ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na faɗi a kan gwiwoyi da tafin hannu, tsakuwa ta shige mini fata. A durƙushen nan ita ce a sama, ni a ƙasa, kamar na ɗora ta a faranti na miƙa. Na kai hannu ga ƙullin majanyi, zufa ta sa ya ƙi kwancewa. Sai na kama ƙafarta na zamo da ita ta ƙarƙashin hammata, yadda ake yi in za a ba da nono ba a sauke goyo ba, na fizgo ta da ƙarfin da na ji tsoron na karya ta. Ta dawo ƙirjina. Na dunƙule a kanta, goshina a ƙasa, na tsuke hannuwana.

Karyar ta kama ni a damtse. Ba zafi na fara ji ba, nauyi na ji da ja, kamar ana son a cire hannun daga kafaɗa. Tana ja tana girgiza kai, ni ina mayar da hannun don kada a samu ƙofa. Wani ya kama ni a cinya ta baya, leshin ya yage. Ina jin Yaya a kaina tana dukansu da kular, kowane duka da salati, kular tana ƙara kamar ganga. Wani ya kama bakin tob ɗinta ya ja har ta zube a kaina, ta tashi ba mayafi ta ci gaba da duka. Ni dai bakina a tsakiyar kan 'yata ina kiran sunan Allah, ina jin kukanta a cikin ƙirjina. Muddin tana kukan na san tana da rai.

Daga baya Yaya ta ce mini Malam zamowa ya yi daga dutsen nan a kan mazaunansa, duwatsu na biyo shi. Ni abin da na ji kawai wani tim ne, karyar ta sake ni da wani irin kuka. Na leƙa ta ƙarƙashin hannuna. Malam ne ya sauke mata ƙaton dutse a gadon baya, tana birgima tana neman tashi ta kasa. Mijin Yaya ya zare bel ɗinsa yana bin sauran yana zabga musu kan ƙarfen, suka watse suka hau tsauni. Malam bai bi su ba. Ya sake ɗaukar dutsen da hannu biyu ya sauke mata, ya sake, ya sake. Hularsa ta faɗi, shaddar ta yage daga wuya, jini ya fantsamar masa har gemu. Mutumin da ko kyankyaso ni nake kashe mana a ɗaki. Wani nishi yake yi duk sanda dutsen ya sauka.

A haka wata Baturiya ta same mu. Dattijuwa ce, gashinta fari, da sanduna biyu na ƙarfe irin na masu tafiyar dutse, daga can cikin wadin ta fito. Ni da nake ƙasa a dunƙule ba ta gan ni ba tukuna, abin da ta gani mutum ne yana rotse kare. Ta zo da sauri tana cewa khalas, khalas, haram, wai ya isa haka, ta sa sandarta tsakaninsa da karyar. Malam ya juyo da dutsen a sama ya nufe ta. Wallahi na ga idonsa, bai san ko wace ce a gabansa ba. Mijin Yaya ya rungume shi ta baya, suka kama kokawa, Malam ya kai masa gwiwar hannu a baki ya fasa masa leɓe, suka zube tare, dutsen ya gangara gefe. Sai a lokacin matar ta waiwayo ta gan ni, ta ga ƙafar jaririya tana leƙowa ta ƙarƙashina. Ta saki sandunan.

Na ƙi buɗe hannuna. Yaya tana cewa sun tafi, ni na ƙi. Tsoro nake in duba. Sai da ta durƙusa ta riƙa ɓamɓare mini yatsu ɗaya-ɗaya.

"Sake ta mu gani, ƙanwa. Kina danne mata numfashi."

Jini ne a fuskar 'yata da rigarta da gashinta. Na ga duhu. Yaya ta tuɓe ta tsirara, Baturiyar ta buɗe gorarta ta riƙa zuba ruwa, Yaya tana wankewa da hannu tana dubawa, kai, wuya, ciki, baya, tsakanin cinyoyi. Jinin yana tafiya, fata lafiya lau a ƙarƙashi, nawa ne ya zuba mata. Har na fara hamdala sai aka zo hannun dama, wanda ya riƙe naman. Naman babu. A bayan hannun akwai karce siriri daga wuyan hannu zuwa gindin ƙaramin yatsa, jini yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan.

Malam ya taso yana haki ya duba, ya ce dutse ne, lokacin da na faɗi ta ƙuje. Ya faɗa ya sake faɗa. Ni kuwa na san sanda na faɗi tana sama, hannunta bai taɓa ƙasa ba, kuma naman nan wani ne ya karɓe shi. Baturiyar ta fito da ɗan sabulu daga jakarta ta yi ta wanke hannun, ta daɗe tana wankewa, 'yata tana shure-shure, sannan ta koma kan damtsena da cinyata har ruwanta ya ƙare. Tana magana da gurɓataccen Larabci, Yaya tana mayar mini. Wai a tafi asibiti yanzu-yanzu, ba gida ba, a yi mana allurar cizon kare mu biyu, domin in karyar tana da ciwon hauka kuma aka bari ya tashi a jikin mutum, ba shi da magani. Wannan ta ƙarshen ita ce ta zauna mini.

Karyar ba ta mutu ba. Tana kwance tana kakari, ido ɗaya a buɗe. Baturiyar ta dube ta, hawaye na zuba mata, ta yi wa mijin Yaya magana a hankali. Ya tofar da jinin bakinsa, ya yi bisimilla, ya ɗauki dutsen ya ƙarasa ta da bugu ɗaya a ka. Sauran suna sama suna kallonmu. Tabarma da kula a nan muka bar su.

Fitowa ta fi shiga tsawo. Ƙafata ɗaya ba takalmi, Yaya ta yagi tob ɗinta ta ɗaure mini damtse da cinya. Malam ya miƙo hannu zai karɓi yarinyar na ƙi. Ya ce to in goya ta hannun ya huta, na ƙi wannan ma. A ƙirji na riƙe ta da hannu mai lafiyar. Muna cikin tafiya ya ce, ko kallona bai yi ba, me ya sa na gudu, ba a gudun kare, kowa ya san wannan. Yaya ce ta amsa.

"Kai me ya sa ka hau, Malam? Hoton ya yi kyau?"

Ya wuce gaba, muka bi shi har ƙofa.

Baturiyar tana da mota a waje, ita ta kai mu wani asibiti, jinina ya ɓata mata kujera ta ce ma'alish, ba komai. Likitar mace ce, matashiya. Ta duba hannun 'yata a ƙarƙashin fitila, ta juya shi ta sake juyawa. Malam ya ce mata dutse ne. Ta ce ita ba za ta iya rantsewa haƙori ne ko dutse ba, kuma a wannan ciwon ba a aiki da kirdado. Aka wanke raunukana da wani ruwa mai raɗaɗi kamar barkono, aka yi ta soka mini allura a kewayen kowane rami, ban yi kuka ba. Da aka zo kan 'yata aka ce ubanta ya riƙe ta. Ya danne ta a kan gadon, allura ta shiga bayan ɗan hannun nan, wata ta shiga cinya, ta yi kuka har muryarta ta ɗauke, baki a buɗe ba sauti. Na ga jinin karyar ya bushe wa Malam a farce. Aka ce mu riƙa dawowa a ranakun da suka sa mana har allurar ta cika.

Labari ya zaga Hayyin Ashir, matan ɗalibai suka yi ta zuwa jaje, kowace da abin da ta sani. Wata ta ce a garinsu mahaukacin kare ya ciji wani mutum, ciwon ya warke sarai, sai bayan an manta ya fara dalalar da miyau yana cizon na kusa da shi. Wata ta ce alamar farko tsoron ruwa ce, in an miƙa wa mutum kofi sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture. Yaya ta ce musu in jajen ke nan su tashi haka nan, an gode. Amma ni na riga na ji.

Daga ranar na zama mai ba da ruwa. Ta farka, kofi. Ta yi rarrafe ta dawo, kofi. Ina ba ta ina kallon wuyanta, sai na ga ruwan ya wuce in saki numfashi, kafin a jima in sake cikawa. Zanen gado ya daina bushewa saboda fitsari. Malam ya ce zan kumbura yarinya, amma na sha kama shi yana miƙa mata kofin in ya ɗauka ina kicin. Goyo kuwa na kasa. Ko wanke-wanke zan yi sai in zaunar da ita a gabana, inda idona yake. In na sauko titi na ga kare kwance a ƙarƙashin mota, sai cinyar ta ɗauki zogi.

Washegarin wata allurar, ana saura ta ƙarshe, jikinta ya yi zafi. Malam yana makaranta. Da la'asar na miƙa mata kofi ta kau da kai. Na sake miƙawa ta sa hannu ta buge shi, ruwan ya zube, ta banƙare tana kuka, miyau yana bin haɓarta. Na gwada da cokali ta datse baki. Na gwada nono ta ƙi. Ban san na fito ba ɗankwali ba sai da na gan ni a ƙofar Yaya ina dukan ƙofar da ƙafa, ina cewa ciwon ya tashi, ya tashi.

Yaya ta buɗe, ta dube ni ta dubi yarinyar. Ta karɓe ta ta taɓa jikin, ta ce allurar tana sa zazzaɓi, likita ma ta faɗa, ni ce ban ji ba. Na ce ruwa ta ƙi, Yaya, ruwa. Ta ce yarinyar da ake ɗura wa ruwa kamar randa dole wata rana ta ƙi. Ta shiga banɗaki ta tara ruwa a baho ta kawo tsakiyar falo, ta cire mata riga. Na riƙe mata hannu na ce kada ta sa ta, ba zan iya gani ba. Ta ture hannuna ta zaunar da ita a ciki.

'Yata ta ja numfashi ta yi shiru. Ta dubi ruwan. Ta ɗaga hannun nan mai tabo ta buga, ya fantsamar mata a fuska, ta ƙifta ido, ta sake bugawa da hannu biyu. Sai ta sunkuya ta kafa baki a ruwan wankan tana zuƙa, na ga wuyanta yana motsi, ruwan yana wucewa. Yaya ta ce a'a, ƙazama, ta kai hannu za ta ɗago ta. Na ce ta bar ta ta sha. Na zame na zauna a ƙasa jikin bango, ina kallo har ta ƙoshi ta ɗago, ruwa na ɗiga daga haɓarta.